Sulhu Tsakanin Maƙwabta: Abin da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa Za Su Koya Daga Ailan da Birtaniya

1.0 Gabatarwa

Tun daga 2017 kalmar sulhu ba ta bar bakin mutanen Kudancin Katsina ba. Sau uku ke nan, watau a 2017 da 2019 da kuma 2025, ana zama tsakanin shugabannin jama'a da mutanen da suka shiga daji da bindigogi, a yi jawabai, a yi rantsuwa, a yi musafaha, kowa ya watse da fatan an kawo ƙarshen zub da jini. Zama biyu na farko sun warware a kan idonmu. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu tambayi kanmu: me ke sa wani sulhu ya yi ƙarko, wani kuma ya tsinke tun kafin damina ta zagayo?

Ba don sha'awar nazari kaɗai muke wannan tambaya ba. Da yawa daga cikin ɗaliban da muke koyarwa 'ya'yan waɗannan ƙananan hukumomi ne, kuma a makarantun ƙauyukansu ake sa ran su je su koyar in sun gama. Makarantar da aka rufe saboda tsoro kuwa ba ta da buƙatar malami.

A cikin wannan maƙala za mu fara da ma'anar sulhu a wurin Bahaushe, mu bi tushen rikicin da yunƙurin da aka yi na kashe shi a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Daga nan za mu leƙa tsibirin Ailan, inda mutane biyu da suka yi ƙarnoni suna gaba suka ƙulla sulhu a 1998, mu ga abin da ya riƙe shi. Ra'ayin da muke son kafawa shi ne, abin da aka yi ta yi a ƙasarmu raba faɗa ne, sasantawa kuwa tana nan gaba.

2.0 Raba Faɗa da Sasantawa

Bahaushe ya bambanta abubuwa biyu. In mutum biyu suka kaure a kasuwa, duk wanda ke kusa yakan shiga tsakani ya riƙe hannuwansu. Wannan shi ne raba faɗa, kuma amfaninsa a fili yake, domin yana hana a ji rauni. Amma fa kowa ya san in an tsaya nan, faɗan zai tashi a wata kasuwar. Sasantawa ita ce a kai su gaban manya, a ji ta bakin kowa, a gano abin da ya haɗa su, mai laifi ya amsa laifinsa, a biya abin da aka ɓata, sa'an nan a nemi yafiya a gaban shaidu.

Malamanmu kuma sun karantar da mu cewa sulhun Hudaibiyya, a shekara ta 6 bayan Hijira, rubuta shi aka yi, da sharuɗɗa sanannu, da wa'adin shekara 10, da shaidu daga ɓangarorin biyu. Ashe ke nan rubutu da sharaɗi da shaida ba baƙin abubuwa ba ne a gare mu. Da wannan ma'auni za mu auna duk abin da zai biyo baya.

3.0 Tushen Rikicin

Waɗannan ƙananan hukumomi uku suna bakin daji ne, kuma suna bakin iyaka. Ƙanƙara da Faskari sun yi iyaka da Jihar Zamfara, Sabuwa kuwa tana kallon ƙasar Birnin Gwari ta Jihar Kaduna. Dazuzzukan Rugu da Kogo da Kuyambana da Kamuku sun kusa haɗewa da juna, har mutum ya iya ratsa jihohi uku ba tare da ya hau kwalta ba. Ƙasa ce mai albarkar noma, ta auduga da dawa da masara, kuma tun kaka da kakanni manomi da makiyayi suke zaune a cikinta, kowa na cin moriyar ɗan'uwansa. In an yi girbi shanu su shiga gona su ci kara da harawa, su bar taki. Matan ruga su kawo nono da man shanu, su koma da hatsi. In dabba ta yi ɓarna, mai unguwa da arɗo su je su ƙiyasta, a biya, magana ta mutu.

Abubuwa da dama suka haɗu suka kwance wannan zama. Na farko, jama'a sun ƙaru, gonaki suka ci burtali da mashaya da makiyaya, duk da Dokar Makiyaya ta 1965 da Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa don kare su. Na biyu, Shirin Bunƙasa Noma na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da taimakon Bankin Duniya, ya yaɗa takin zamani da noman masara a wannan yanki. Alheri ne babba, sai dai manomin da ya sami takin buhu ya rage buƙatar takin shanu, kara da harawa kuma suka zama abin sayarwa. Na uku, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 da Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 sun rage ikon hakimai da dagatai, soke jangali a cikin waɗannan shekaru na 1970 kuma ya yanke wata igiya da ta ɗaure makiyayi da hukuma, domin wanda ake karɓar jangalinsa an san sunansa da rugarsa da yawan shanunsa. Shari'ar ɓarna ta koma hannun 'yan sanda da kotuna, inda makiyaya suka daɗe suna kukan ana tatsar su.

A kan wannan tsagaggen bango satar shanu ta shigo, kuma ya kamata mu tuna cewa makiyaya ne suka fara ɗanɗana ta. Da hukuma ta gaza, garuruwa suka kafa 'yan sa-kai. Waɗansunsu sun kare jama'a tsakani da Allah, waɗansu kuwa suka riƙa kashe mutum a kasuwa don kamanninsa kawai. Ramuwa ta haifi ramuwa. A watan Maris na 2014 aka afka wa Mararrabar Maigora da Sabon Layin Galadima da wasu ƙauyukan Faskari, rahotanni suka ce an kashe fiye da mutum 100. Daga baya satar mutane don kuɗin fansa ta zama sana'a mai zaman kanta, wadda ba ta tambayar ƙabilar wanda za a sace, kuma masu kai mata rahoto da mai da abinci suna cikin gari.

4.0 Zama Uku

Zama na farko shi ne na Janairun 2017, lokacin da Gwamna Aminu Bello Masari ya karɓi makamai a garin Ƙanƙara daga hannun waɗanda suka ce sun tuba da satar shanu, aka yi musu afuwa. An sami sauƙi na ɗan lokaci. Amma irin wannan alkawari a wuyan 'yan tsirarun shugabannin daba yake rataye. Da aka kashe Buharin Daji a Zamfara a watan Maris na 2018, yaransa suka rarrabu, kowa ya zama sarkin kansa, hare-hare suka dawo har suka fi na da.

Zama na biyu ya zo a watan Satumba na 2019. Gwamna ya zagaya ƙananan hukumomi takwas na bakin daji, watau Sabuwa da Ɗandume da Faskari da Ƙanƙara da Ɗanmusa da Safana da Batsari da Jibiya, ya zauna da masu bindiga ido da ido. Aka hana aikin 'yan sa-kai, gwamnati ta saki waɗansu da ke tsare, mutanen daji suka sako waɗansu da suka sace. Bai cika shekara ba. A watan Yuni na 2020 aka yi wa mutanen Kadisau ta ƙasar Faskari kisan gilla, a cikin watan kuma Gwamna ya bayyana cewa an ci amanarsa, ba zai sake zama da su ba. Ran 11 ga Disamba, 2020, aka kwashe ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 ran 17 ga watan. Auwalun Daudawa, wanda ya jagoranci wannan ɗauka, ya miƙa bindigogi a Gusau a watan Fabrairu na 2021, ya yi rantsuwa, ya koma daji a watan Afrilu, can kuma aka kashe shi.

Daga nan aka koma ga ƙarfi. A 2021 aka rufe kasuwannin dabbobi, aka hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka katse layukan waya. A 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya kafa dakarun tsaron al'umma. Zama na uku, na 2025, ya bambanta da na baya, domin shugabannin ƙananan hukumomi da hakimai da dattawan gari ne suka jagorance shi, gwamnatin jiha ta ce na al'umma ne. Ya faro daga Jibiya da Batsari, ya iso Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa. Wanda ya ga hotunan taron Hayin Gada na ƙasar Faskari a watan Satumba ya ga mutane sun zo wurin sulhu da bindigoginsu a kafaɗa, sun kuma koma da su. Ba mu raina wannan zama ba, domin manomin da ya shekara uku bai taka gonarsa ba ya fi mu sanin darajar damina ɗaya ta lafiya. Abin da muke tambaya shi ne me za a ɗora a kansa.

5.0 Ailan da Birtaniya

Yanzu bari mu tsallaka teku. Ailan tsibiri ne a yamma da Birtaniya, kuma Ingila ta yi ƙarnoni tana mulkinsa. Wani abin lura shi ne, can ma ƙasar noma ce tushen gaba. Daga 1609 aka riƙa ƙwace filayen 'yan ƙasa mabiya Katolika a arewacin tsibirin, ana zaunar da mabiya Furotesta daga Ingila da Sikotlan. A 1801 aka haɗe Ailan da Birtaniya. Yunwar da ta faro a 1845 ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, ta bar ɗaci a zukatan da suka ga gwamnatin Landan ba ta yi abin da ya kamata ba. A 1921 aka raba tsibirin: gundumomi 26 suka kama hanyar 'yanci, 6 na arewa, inda Furotesta suka fi yawa, suka zauna tare da Birtaniya.

Katolikan da suka rage a Ailan ta Arewa sun yi ta kukan ana danne su wajen aiki da gidaje da ƙuri'a. Daga 1969 rikici ya ɓarke tsakanin ƙungiyar IRA mai neman haɗe tsibirin, da ƙungiyoyin Furotesta masu makamai, da sojojin Birtaniya. Cikin shekara 30 an kashe kimanin mutum 3,500.

Su ma ba da zama ɗaya suka dace ba. Yarjejeniyar 1973 ta rushe a 1974. IRA ta tsagaita wuta a 1994, ta koma kai hari a 1996, ta sake tsagaitawa a 1997. Sai ran 10 ga Afrilu, 1998, bayan kusan shekara biyu ana tattaunawa a ƙarƙashin George Mitchell, tsohon sanata daga Amurka, aka ƙulla Yarjejeniyar Belfas. Wata huɗu bayan haka waɗansu da suka ɓalle daga IRA suka ta da bam a garin Omagh, mutum 29 suka mutu. Duk da haka sulhun bai warware ba. A 2007 Ian Paisley da Martin McGuinness, waɗanda a da ko gaisawa ba su yi, suka shugabanci gwamnati ɗaya. A 2011 Sarauniya Elizabet ta ziyarci Dablin, ta sunkuyar da kai a wurin tunawa da waɗanda suka mutu suna yaƙar mulkin kakanninta.

6.0 Abin da Ya Riƙe Sulhun

A ganinmu turaku biyar ne suka riƙe wannan sulhu, kuma in muka duba zamanmu na 2017 da 2019 za mu ga kusan dukansu babu.

Na ɗaya, yardar jama'a. An buga yarjejeniyar an aika gida-gida, ran 22 ga Mayu, 1998 kuma aka yi ƙuri'ar raba gardama: kashi 71 cikin 100 suka amince a Arewa, kashi 94 a Jamhuriyar Ailan. Saboda haka mai son karya ta da jama'a zai yi faɗa. A wurinmu kuwa, matar da aka kashe wa miji a Kadisau, da makiyayin da aka ƙone wa ruga, ba wanda ya karanta musu sharuɗɗan abin da aka ƙulla da sunansu.

Na biyu, an taɓa tushen gardamar, kowa kuma ya saki wani abu. Jamhuriyar Ailan ta gyara tsarin mulkinta ta janye iƙirarin mallakar Arewa. Birtaniya ta yarda cewa duk ran da mafi yawan mutanen Arewa suka zaɓi haɗewa da Kudu za a bi zaɓinsu. Aka kuma ba kowa dama ya ɗauki kansa ɗan Ailan ko ɗan Birtaniya ko duka biyun. Tushen namu rikicin shi ne burtali da mashaya da shari'ar ɓarna, kuma an sha ambatonsu a wurin taro, amma alkawarin baka bai mai da gona ta koma burtali ba.

Na uku, makamai da shaidu. An kafa hukuma ta musamman a ƙarƙashin Janar John de Chastelain na Kanada don ta tabbatar da lalata makamai. Aikin ya ɗauki shekara bakwai, sai a watan Satumba na 2005 hukumar ta ba da shaidar IRA ta rabu da nata, a gaban malaman coci biyu, ɗaya Katolika ɗaya Furotesta. Fursunoni fiye da 400 da aka saki kuwa bisa sharaɗi aka sake su, wanda ya koma ga laifi a mai da shi kurkuku. Mu kuwa mun karɓi abin da aka ga dama aka kawo, ba mu san abin da aka bari a daji ba, afuwarmu kuma ba ta da igiya.

Na huɗu, gyaran masu tsaro. Rundunar 'yan sandan Ailan ta Arewa ta da, Katolikan cikinta kimanin kashi 8 cikin 100 ne, don haka rabin gari na kallonta a matsayin abokiyar gaba. A 2001 aka sake mata suna da tsari, aka yi shekara goma ana ɗaukar sababbin kurata rabi da rabi, har Katolika suka kai kimanin kashi 30. Darasin a nan shi ne, muddin ɗan ruga yana ganin mai tsaron gari a matsayin mafarauci, shi kuma ɗan gari yana ganin kowane mai sanda a matsayin ɓarawo, to ba wanda zai yarda ya ajiye bindiga.

Na biyar, faɗin gaskiya. Ran 30 ga Janairu, 1972 sojojin Birtaniya suka harbe mutum 13 marasa makami a garin Deri. Binciken farko ya wanke sojojin. Iyalan mamatan ba su haƙura ba, sai a 2010 wani sabon bincike ya tabbatar da cewa waɗanda aka kashe ba su da laifi, Firayim Minista David Cameron ya tashi a majalisa ya nemi gafara. Shekara 38 ke nan, amma an faɗa. Yafiya tana da wuya ga wanda ba a ko amsa cewa an zalunce shi ba.

7.0 Inda Kwatancin Ya Tsaya

Kada mu ɗauki wannan misali fiye da ƙarfinsa. IRA tana da manufar siyasa, da jam'iyyar Sinn Féin mai neman ƙuri'a, da shugabanci ɗaya wanda in ya ce a tsaya mafi yawa za su tsaya. A dazuzzukanmu dabobi ne barkatai, in an shirya da wannan wancan bai sani ba, wanda ya yi alkawari a Sabuwa kuma yana iya tsallakawa ya yi ɓarna a Birnin Gwari. Bugu da ƙari, kuɗin fansa riba ce, kuma mai cin ribar faɗa ba ya ɗokin a raba shi. Don haka wajibi ne a bambanta mutum biyu: makiyayin da aka kora daga gari, wanda sulhu haƙƙinsa ne, da wanda ya mai da satar mutane sana'a, wanda in ya ƙi tuba sai shari'a.

Har ila yau, sulhun Ailan bai kammala ba. Gwamnatin haɗin gwiwar ta tsaya cik daga 2002 zuwa 2007, da 2017 zuwa 2020, da 2022 zuwa 2024. Akwai katangun da ke raba unguwanni a Belfas, kuma yaran da ke karatu a makarantun da suka haɗa ɓangarorin biyu ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. A nan ma mun fi su sauƙi ta wata fuska, domin mu alƙiblarmu ɗaya, kasuwarmu ɗaya, akwai auratayya, kuma da wuya a sami gidan da in an bi salsalarsa ba a tarar da jinin ɓangarorin biyu ba.

8.0 Kammalawa

Mun ga cewa abin da aka yi a Ƙanƙara a 2017, da abin da aka yi a 2019, riƙe hannun masu faɗa ne, kuma da hannu ya gaji faɗan ya tashi. Domin kada zaman 2025 da duk wanda zai biyo bayansa su bi sawunsu, muna ba da waɗannan shawarwari.

A rubuta sharuɗɗan kowane sulhu da Hausa da Fulatanci, da boko da ajami, a karanta su a masallatan Jumma'a da kasuwanni da rugage. A naɗa shaidu daga malamai da sarakuna waɗanda ba na yankin ba, su riƙa bin diddigi suna faɗa wa jama'a wanda ya cika da wanda ya saɓa. A sa wa'adin ajiye makamai mataki-mataki, afuwa kuma ta zama bisa sharaɗi. A jawo Zamfara da Kaduna cikin maganar, tun da dajin ɗaya ne. A sake shata burtali da mashaya, a kafa majalisar ɓarna ta mai unguwa da arɗo wadda hukuma ta san da ita. A ɗauki 'ya'yan ruga cikin masu tsaron al'umma. A rubuta sunayen waɗanda aka kashe daga kowane ɓangare, a duba maganar diyya da marayu.

Shawara ta ƙarshe tamu ce, mu malamai. Tun 1989 aka kafa Hukumar Ilmin Makiyaya ta Ƙasa, amma da yawa daga cikin samarin da ke riƙe da bindiga a daji ba su taɓa zama a aji ba. Ya kamata kwalejojinmu su horar da malaman da ke jin Fulatanci, waɗanda za su yarda su zauna a bakin daji, kuma a yi ƙoƙari ɗan gari da ɗan ruga su zauna a benci ɗaya tun suna ƙanana. Aiki ne na shekaru, kamar yadda ya ɗauki mutanen Ailan shekaru. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.